Idon Inna Hajara da Koren Karne

Ɗazu na ji Nasiru yana cewa cika takardar asirans, wato inshorar lafiya, ai ba sana'a ba ce, ko yaro aka miƙa wa waya zai danna ya gama. To madalla. Ku matso da tabarmar nan, kai kuma sauke ƙafarka daga kan akwatin mashin ɗina na buga rubutu, ya girmi ubanka. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina wannan abin da ba sana'a ba a Tamanrasset, a gindin bishiyar da ke kallon gidan waya, kuma da shi na aurar da uwayenku.

Na sauka Tam daga Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar da ta ɗauko lalle, ba da daɗewa ba bayan ƙasar tasu ta karɓi mulkin kanta. Faransawa sun sauka daga kujera, amma takardunsu suna nan daram, ko allura za ka saya a buro, wato ofis, sai da Faransanci. Ni kuwa shekara huɗu na yi a lekkol, makarantar boko, kafin babana ya ce ya isa haka. Da farko awon sukari da ganyen shayi nake yi a shagon wani Bamaraɗe. Wata rana wani tsohon Balarabe mai rubuta wa mutane wasiƙa, Si Lahdar, mutumin In Salah, ya zo sayen madarar gwangwani, ya ji ina karanta abin da ke jikin gwangwanin da ƙarfi don in burge wata mai sayen sabulu. Mai sabulun ko kallona ba ta yi ba. Tsohon ne ya ce in same shi gobe da safe.

Wata guda cur bai bar ni na taɓa mashin ba. Ya ba ni gilashin ƙara girman rubutu da wata yarjejeniyar asirans mai shafi goma sha shida, ya ce in fara daga shafin ƙarshe in yo gaba. Na ce masa, Sidi, ai littafi daga farko ake fara shi. Ya ce manyan baƙaƙen shafin farko an yi su ne don ranar da mutum zai sa hannu, ƙananan na ƙarshe kuwa don ranar da zai kwanta ciwo, kuma mu masu kwanciya muke yi wa aiki. In na gama shafi sai ya karɓe ya ce in faɗa masa da bakina wanda ba za a biya ba. Wanda za a biya bai dame shi ba. In na yi kuskure ba ya faɗa, kofin shayina kawai yake janyewa ya shanye.

Kayan aikin ba su da yawa. Ga mashin ɗin nan, harafi ɗaya yana maƙalewa tun daga hannun Si Lahdar, sai ka sa ɗan yatsa ka dawo da shi. Akwai takardar karbon, wadda nake amfani da ita har sai na ɗaga ta ina hango rana ta cikinta. Zaren tawada in ya bushe, ɗigon kananzir biyu ake sa masa a rufe shi a gwangwani kwana uku. Akwai allura da zare na ɗinke dosiye, wato fayil ɗin takardun mutum, don in ka sa ƙarfen maƙalawa wani a buro zai zare shi ya kai gida, takardunka su watse. Sai duwatsu huɗu na danne takarda, da tsohon buroshin haƙori na share yashi daga cikin haruffa. Tambur kuma, wato kan sarki, a cikin hulata nake ajiye shi.

A shekarun nan na sittin kamfanoni sun cika garin, masu gyaran hanya, masu jigilar kaya, masu fasa duwatsu suna neman ma'adini. Kowane kamfani da mai asirans ɗinsa a Alje, babban birnin ƙasar, kowane mai asirans da ɗan littafinsa da muke kira karne, kowane karne da launinsa. Mutanenmu da suka samu aiki sai su aika gida a kawo musu tsofaffinsu. Matar mutum da 'ya'yansa ba wuya, ko'ina ana karɓarsu. Rigimar duk a kan tsoho take, domin mai asirans ya san tsoho ba ya shiga karne don ado. Abin da nake dubawa ke nan in an ajiye min karne: shekara nawa suke daina karɓar mutum, wata nawa za a jira kafin su fara biya, me suka ce game da ciwon da mutum ya zo da shi, kuma ko suna biyan jirgi. Kada ku yi dariya da maganar jirgi. Asibitin Tam a lokacin gadaje ne kaɗan da lokotoro, wato likita, mai ƙoƙari, amma in aiki ya kai na wuƙa a ido ko a ciki, sai arewa, kuma arewa a mota kwana da kwanaki ce.

Na tuna wani tsoho, Baba Ɗan Tani, da ɗansa ya kawo min. Na tambaye shi shekarunsa, ya ce shekarar fara aka haife shi. Na ce wace farar, ya ce babbar. Katinsa kuma ya nuna shekara arba'in da biyar, domin wani mai tausayi ya rage masa ashirin don ya samu aikin gadi. Mutumin da ba shi da haƙori ko ɗaya. Ga karne biyu a gabana, ɗaya ba ya karɓar wanda ya wuce sittin, ɗayan kuma ba ya ɗaukar uba a matsayin wanda ake ciyarwa sai ya wuce sittin. Kwana uku na yi ina juya su. Daga baya na kai shi wajen lokotoro ya kimanta shekarunsa, lokotoro ya tambaye shi ina ke masa ciwo, tsohon yana tari kamar zai amayar da huhu ya ce lafiya lau, sai godiya. Tun daga ranar nake zaunar da kowane tsoho in koya masa yadda ake kai ƙara kafin mu shiga. Wasu sai mun yi sati muna koyo.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Inna Hajara, domin a kansa na yi kuskuren da ya kusa tashe ni daga gindin bishiyar nan. Si Lahdar ya rasu da shekara ɗaya, teburin ya zama nawa, kaina ya fara girma. Wata safiya aka zo min su uku. Wani matashi mai suna Idi yana jan sandar wata tsohuwa, ya zaunar da ita a kan bencina. Wani babban mutum mai gemu, zai yi arba'in da biyar, ya tsaya can gefe, ta ɗaya ɓangaren bishiyar. Shi ne Haruna, wan Idi, direban kamiyo a wani kamfanin jigila. Idi kuwa kuku ne a sansanin masu neman ma'adini. Tsohuwar uwarsu ce, sun kawo ta daga Mirriya. Yanar ido ta rufe mata idon hagu, na dama ma ya fara bi, tana ganin mutum kamar inuwa. Lokotoro ya ce a kai ta arewa a yi mata aiki, kuma kada a daɗe, don na hagun ya fara tauri.

Suka ajiye min karne biyu, na Idi shuɗi, na Haruna kore. Doka ta ce tsoho ɗaya karne ɗaya, sai a zaɓa. Na ɗauko gilashi na fara daga baya. Shuɗin mai sauƙin kai ne: ma'aikaci ya sa hannu, shaidu biyu su dangwala, an gama, ba mai zuwa ya tambaye ka komai. Amma ba jirgi a ciki, kuma rabin kuɗin aikin ido kawai suke ɗauka. Da shi sai dai a ɗora ta a mota, a kuma roƙi 'yan kasuwarmu su taimaka da sauran. Da wuya, amma ana yi. Koren kuwa, kai! Jirgi zuwa da dawowa har da ɗan rakiya, aiki duka, gado, har tabarau. Sharaɗinsu ɗaya, a shafi na goma sha huɗu: a kawo takardar haihuwa da ke nuna uwar ma'aikaci ce, in babu, ta tsaya gaban mai bincikensu ta faɗa da bakinta. Takardar haihuwa dai babu, a lokacin da aka haifi Haruna ba mai rubuta irin wannan a ƙauye. Na ce wannan ai ba komai ba ne, mace ta ce ɗanta ɗanta ne, minti biyu.

Na ce musu kore. Na faɗa da ƙarfi ma, don na kusa su ji. Haruna ya ce, “Yadda ka gani, Malam Issa, kai ne ka san takarda.” Ina cikin bugawa na ji tsohuwar ta ce wa Idi, “Tambayi mai motar nan ko ya sallami malam.” Haruna yana tsaye taku uku daga inda take, kuma tun da suka zo bayanta ta ba shi. Na ji, na gani, na ci gaba da buga mashin. Ni ɗan Damagaram ne fa, ba daga Alje aka aiko ni ba. Tawa uwar har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, “wancan” take ce masa, don shi ne ɗan fari, kuma mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma nuna a gaban mutane cewa nata ne. Na san wannan kamar yadda na san hanyar masallaci. Amma a ranar idona yana kan maganar jirgi.

Mai binciken duk bayan wata uku yake saukowa. Si Rashid sunansa, matashi ne mai tsabta, alƙalami uku a aljihu. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. An sha kawo masa uwayen haya, har akwai tsohuwar da ya tarar ita ce uwar direbobi huɗu, biyu daga cikinsu sun girme ta. Saboda haka ba ya yarda marubucin dosiye ya yi masa tafinta, da nasa yake zuwa, wani Buzu tsohon soja mai suna Agali, mai jin Hausa sarai, wanda aka rantsar zai faɗi abin da aka ce ba ƙari ba ragi. Aka ba mu wani ɗaki a buron kamfanin. Inna a kujera, Idi a gefenta, Haruna a tsaye jikin ƙofa, ni a lungu da hulata a hannu.

Si Rashid ya nuna Haruna ya ce a tambaye ta, wannan ɗanta ne? Agali ya tambaya. Inna ta ja mayafi ta rufe baki ta juya fuska wajen bango. Sai a lokacin abin ya faɗo min. Aka sake tambaya. Ta ce, “Na Gwaggo ne.” Wato ƙanwar mijinta, wadda aka ba wa shi riƙo bayan yaye, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Agali ya kalle ni, ya kalli rufin ɗaki, ya faɗa da Larabci yadda ta ce. Si Rashid ya ce to mene ne sunansa? Ta ce, “Ku tambaye shi mana, ba shi da baki ne?” Ya ce to wane ne ɗanta a ɗakin nan? Ta lalubo hannun Idi ta ce, “Ga Idi.”

Na yi tsalle na fara bayani da Faransanci, al'ada ce, kunya ce, kowa ya sani. Agali ma, Allah ya saka masa, ya ce haka ne, su ma suna da irinta. Si Rashid ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce shi abin da baki ya faɗa yake rubutawa, kuma wanda ya buga dosiye ba ya zama shaidarsa. Na juya wajen Haruna ko zai ce wani abu. Kansa a sunkuye yake. A wajensa tsohuwa ta yi daidai, da ta yi akasin haka ma da shi zai fara jin kunya. Aka buga wa dosiyen jan hatimi, aka ce in muna da ja, mu jira zuwansa na gaba.

Na ce to mu koma shuɗi. Na ɗauko karnen Idi na sake bi da gilashi, sai ga wani layi da na wuce a karon farko don bai shafe mu ba a lokacin: ba sa karɓar wanda wani mai asirans ya ƙi saboda bayanin ƙarya. Ƙofar da ke buɗe wata uku da suka wuce, ni da hannuna na rufe ta.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zaga unguwarmu ta Tahaggart kafin azahar, cewa Issa mai mashin ya sa an buga wa Haruna jan hatimi. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ma ta ƙaru, sai dai daga nesa. Mutane suka koma kai karnensu wajen wani tela da ya yi aji biyu a lekkol, yana cika musu takarda tsakanin ɗinkin wando da wando. Ni kuma na koma rubuta wasiƙun gida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Wani mai lambu daga Hirafok ya biya ni da busasshen tumatir, wani ɗan Tazrouk da cukun akuya mai taurin da na riƙa danne takarda da shi. Na yi wata biyu ina ɗiga wa zaren tawada ɗaya kananzir har rubutu ya koma kamar sawun tururuwa.

Ban zauna ba dai. Na rubuta wa hakimin garin su Haruna ina neman takardar shaida, na ba wani direba mai zuwa Agadez. Bayan sati bakwai amsa ta zo da hatimi mai kyau, an duba littafin haraji, an tabbatar Haruna ɗan gidan Gwaggo ne. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin tabarma, tana nan har yau. Na je wajen malamin da ke koyar da karatu a unguwar, ya je ya yi wa Inna nasiha cewa faɗin gaskiya a gaban hukuma ba rashin kunya ba ne. Ta ce Allah ya gafarta malam gaskiya ya faɗa, ta sa aka kawo masa fura, ya sha ya tafi. Matan unguwa suka je, rabinsu suka dawo suna cewa ai tsohuwa ta burge su. Ana cikin haka jirgin mai binciken ya ƙi zuwa a kan lokaci, wata uku ya zama biyar. Idon hagu ya yi ja, ya hana ta barci sati biyu, sannan ya lafa. Lokotoro ya duba ya ce wannan kam ya tafi, a yi maganar na dama.

Sai na je da kaina, wata la'asar, Haruna yana kan hanya. Na same ta a tsakar gida da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga alkama da yatsu. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, “Inna, ido ɗaya ya rage. Kalma ɗaya ake nema a bakinki.” Ta ce, “Ɗan nan, na ga rabona. Abin da ya saura ba wani abin kallo ba ne. Idi yana ja min sanda.” Na ce jirgi ne fa, Inna, da gado, da tabarau. Ta ce ita ba ta taɓa roƙon tabarau ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Wata biyar ina cin tumatir. Na zaro wasiƙar da masu asirans suka aiko, wadda ban taɓa karanta wa kowa duka ba, na ce to bari ki ji abin da aka rubuta a Alje. Na juya mata shi da Hausa tiryan-tiryan. Ma'aikacin nan ya yi ƙarya. Ya kawo matar da ba ta haife shi ba. A gurbin sunan uba an rubuta sunan uba. A gurbin sunan uwa an rubuta: ba a sani ba.

Yatsunta suka tsaya a cikin alkamar. Ta ce, “Ba a san wa ba?”

Na ce, “Uwarsa, Inna.”

“Wa ya rubuta haka?”

Na ce, “Abin da aka ji a bakinki aka rubuta.”

“Kuma yana nan a rubuce?”

Na ce yana nan, kwafi uku, ɗaya a Alje, ɗaya a kamfani, ɗaya ga shi a hannuna, kuma takarda ta fi mutum daɗewa, jikokinsa ma in sun nema haka za su tarar. Na fara nadamar zuwana. Can ta ɗauki wata tsakuwa ta jefar ta ce, “Yaushe Balaraben zai dawo?”

Ranar da ya dawo ɗakin nan dai aka ba mu. Inna ta sa baƙin zanenta na salla. Kafin a fara ta ce a fitar da mai motar waje. Si Rashid ya ce doka ta ce ma'aikaci ya kasance a ɗaki. Ta ce to a kai shi bayanta. Aka kai Haruna bayan kujerarta ya tsaya, ƙaton mutum, hannaye a baya kamar ɗan lekkol. Agali ya yi tambayar. Wannan karon ba ta ja mayafi ba. Ta fuskanci inda take jin muryar Si Rashid ta ce, “Ni na haife shi. Ranar Talata, da damina, a ɗakin uwata. Kwana biyu ina durƙushe. Gwaggo ta riƙe shi, amma nonona ya sha, shekara biyu ba wata ɗaya. Kuma ba ya ƙarya, tun yana ƙarami ba ya yi. A goge wancan.” Agali yana juyawa, alƙalami yana tafiya. Si Rashid ya ce saura suna.

 Ina jin wani yana buga ƙarfe a garejin kamfani. Ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta share bakinta da gefen mayafi. Sannan ta ce, “Haruna.”

Agali ya maimaita wa Si Rashid, duk da ba abin juyawa a ciki. Wallahi kunya ta kama ni, kamar na leƙa ɗakin da ba nawa ba, na rasa inda zan sa idona.  Da aka ce wa Haruna ya sa hannu ya dangwala yatsa a inda ba nan ba, sai da aka sake. Yana gamawa ya fita. Da na fito na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin kamiyonsa, wai yana duba wani abu. Yaran gareji suka ce jiya-jiya aka gama duba motar nan. Ya fi awa ɗaya a ƙarƙashinta.

Bayan sati uku jirgi ya ɗauke ta, Idi ne ɗan rakiya. Ta dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, idon dama yana gani tar, na hagu a rufe. Wannan na hagun nawa ne, ni na ci shi, kuma ban taɓa cewa ba ni ba ne. Ina gidan ranar da ta sauka. Ta tsaya a tsakar gida ta kalli kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa matar Idi ashe haka tukwanen nan suke da baƙi. Da ta zo kan Haruna ta daɗe kaɗan, sannan ta kau da kai ta ce, “Idi, gaya wa mai motar nan gemunsa ya yi furfura, ya rage shi.” Shekara huɗu ta ƙara a duniya tana zura zare a allura da kanta, kuma ba wanda ya sake jin sunan nan a bakinta.

Mutane suka dawo gindin bishiya a hankali, telan ma ya koma wandunansa bayan ya sa wa wani tsoho asirans ɗin haihuwa. Ni kuma na ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda Si Lahdar ya koya min, kuma ita nake fara yi kafin in buɗe kowane karne. In mutum ya zo da uwarsa, sai in ja shi gefe in ce, kai ne na fari? Ku duba wayar taku, in akwai gurbin wannan tambayar ku nuna min.

Kwafin bayanin da Si Rashid ya rubuta, na karbon, an ba Haruna ɗaya. Ba ya karatun boko. Bayan dawowar tsohuwa da kamar wata guda ya zo ya zauna a bencina, ya zaro shi daga cikin wata jakar fata irin ta laya, ya ce, “Malam Issa, duba min takardar nan ko akwai abin da ya saura.” Na duba na ce ba abin da ya saura, an gama, an biya. Ya ce, “Karanta dai.” Na karanta masa da Hausa tun daga sama, ya ajiye kuɗin karatu ya tafi. Da ya dawo daga Agadez ya sake zuwa. Da ya dawo daga In Salah ma haka. A karo na huɗu na daina tambayarsa me yake nema.

Bayan rasuwarta zuwan ya ƙaru. Takardar ta tsage a wajen ninki, karbon ya dushe, na buga masa sabuwa fes a mashin ɗin nan, ya karɓa ya yi godiya, ya dawo da tsohuwar. Daga baya ba na ma ganin rubutun, da ka nake yi, amma sai na riƙe ta a hannu na sa gilashi, in ba haka ba ba ya yarda. Ya tsufa, ya bar tuƙi, gemun ya yi fari fat, jikokinsa sun fi ku girma. Zai zo ya jira in sallami masu karne, sannan ya matso ya sa yatsa a ƙasan shafi ya ce, “Daga nan, Malam Issa.”

Sai in karanta. Tambaya: mene ne sunansa? Amsa: Haruna.

Sai ya ce, “To.” Ya ninke ta ya mayar cikin jaka.